Ruwan Landan Mai Alli: Ɓarnar da Yake Yi wa Kayan Gida da Wanda Ke Biyan Kuɗinta

Duk wanda ya ɗaga murfin butar lantarki a wani gida na birnin Landan ya leƙa ciki, abu ɗaya zai gani. Wani farin ɓawo mai kaushi ya lulluɓe gindinta, ya haura gefe har iyakar inda ruwa ke tsayawa. Wani wurin ya tsattsage, wani wurin ya ɓamɓaro, gutsattsarinsa suna yawo a cikin ruwan, in an tsiyaye na ƙarshe sai su gangaro cikin kofi a ji su ƙurus-ƙurus a haƙori. Kamar ƙanzo yake a gindin tukunya, sai dai shi fari ne, kuma soso da sabulu ba sa fitar da shi. Ba sai butar ta tsufa ba. Sabuwa dal ma, 'yan makonni sun isa ta fara yin fari.

Baƙon da ya sauka garin yakan ɗauka ƙazantar masu gida ce, ko kuma ya zargi kamfanin ruwa da aiko wa jama'a gurɓataccen ruwa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ruwan famfon Landan kullum cikin gwaji yake, kuma kai tsaye ake shansa ba tare da fargaba ba. Abin da ke cikinsa narkakken alli ne, ido ba ya ganinsa sai an ɗora ruwan a wuta. Butar shayi ce ƙarama a cikin abubuwan da yake yi wa illa, an fi maganarta ne kawai don ita ake iya buɗewa a gani. Babbar ɓarnar tana cikin tukunyar ɗumama gida, da na'urar wanka, da bututun da ke bayan bango.

Inda allin ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. Landan tana zaune a kan wata babbar shimfiɗar dutsen alli wadda ta lotsa a tsakiya. A arewa maso yamma dutsen ya ɓullo ya zama tuddan Chiltern, ya nutse ƙarƙashin yumɓun da birnin yake kai, ya sake ɓullowa a kudu ya zama tuddan North Downs. Shi ne dai dutsen da ya yi fararen tsaunukan gaɓar teku na Dover. Masana ƙasa sun ce ya taru ne tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya rufe yankin, daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya iya gani.

Ruwan sama yakan kwaso iskar kabon tun daga sararin samaniya, ya ƙara kwasar wata a cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi, sai ya ɗan yi tsami. Wannan ɗan tsamin ya isa ya riƙa narkar da dutsen a hankali, ruwan ya tafi da sinadarin kalsiyam da ɗan maganiziyam. Fiye da kashi biyu cikin uku na ruwan Landan daga kogin Thames da kogin Lee ake ɗibansa, sauran kuma daga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa har cikin allin. Mutum zai yi zaton na kogi ba shi da wannan matsala, amma kogunan su ma daga idanun ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga duwatsun alli da na farar ƙasa suke samun ruwansu. Tun 1613 Hugh Myddelton ya kammala haƙa magudanar da ake kira New River, ya jawo ruwa daga idanun Chadwell da Amwell zuwa cikin birni, kuma har yau wani sashe nata yana aiki. Shekara ɗari huɗu ke nan mutanen Landan suna shan ruwan da ya ratso alli.

Ana auna yawan allin da miligiram a kowace lita. A Ingila, ruwan da ya haura 200 ana lissafa shi a mai yawan alli, wanda ya haura 300 kuwa ya kai maƙura. Mafi yawan unguwannin Landan suna tsakanin 250 da 300. Lambar ba ta da tsoro sai an ninka ta. Mutum ɗaya a Ingila yana amfani da kimanin lita 140 a rana. Gida mai mutum huɗu ke nan yana jan lita sama da 200,000 a shekara, kuma a cikinsu akwai narkakken alli fiye da kilo 50. Akasarinsa yana wucewa ta magudana ba tare da ya taɓa komai ba. Wanda ke zama a gida shi ne na ruwan da aka dafa, ko wanda aka bari ya bushe a kan wani abu.

Abin da wuta ke yi

A nan lamarin yake da ban mamaki. Sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi, amma alli akasin haka yake. Iskar kabon ce ke riƙe da shi a narke, kuma da zarar ruwa ya yi zafi sai iskar ta fice, allin ya koma dutse kamar yadda ya faro. Ba ko'ina yake zama ba, wurin da ya fi zafi yake nema, wato jikin ƙarfen da ke dafa ruwan. Daga digiri 60 a ma'aunin Salshiyos zuwa sama, saurin taruwarsa yana ƙaruwa sosai.

Matsalar ɓawon ita ce ba ya barin zafi ya wuce. Jan ƙarfe ya fi shi saurin isar da zafi sau fiye da ɗari. Masu tallan na'urorin tace ruwa sukan ce kaurin milimita ɗaya yana ƙara cin makamashi da kusan kashi 7 cikin 100, kuma suna faɗar haka kamar ya shafi kowace na'ura. Bai shafi kowacce ba, kuma ya kamata a bambanta. A butar lantarki, zafin da ƙarfen ya samar ba shi da wata hanya sai ta cikin ruwa, saboda haka asarar wuta kaɗan ce. Abin da ke faruwa shi ne ƙarfen yana yin zafi fiye da yadda aka ƙera shi ya ɗauka, butar ta riƙa jinkiri, ta riƙa ƙara, wani lokaci ta kashe kanta kafin ruwa ya tafasa, daga ƙarshe ƙarfen ya ƙone. A nan rayuwar na'urar ce ake asara. A tukunyar iskar gas kuwa, zafin da ya kasa shiga ruwa yana bin hayaƙi ya fita waje, kuma wannan kuɗi ne ke tashi sama kowace rana.

Mafi yawan gidajen Ingila da gas ake ɗumama su, kuma tukunyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce mai aiki biyu: tana ɗumama ɗakuna, tana kuma dafa ruwan wanka nan take da an buɗe famfo. Ɓangaren ɗumama ɗakuna ba shi da babbar damuwa, domin ruwa ɗaya ne ke kewayawa, in ya sauke allinsa sau ɗaya shi ke nan. Ɓangaren ruwan zafi ne ke shan wahala, don kullum sabon ruwa ke shiga da sabon alli. A cikinsa akwai wasu siraran faranta na ƙarfe da aka jera manne da juna, ruwa na bi ta tsakaninsu ta hanyoyin da ba su wuce 'yan milimita ba. Ɓawo kaɗan ya isa ya matse su. Mai wanka shi ne ke fara sani: ruwa ya zo da zafi kamar zai saluɓe fata, sai ya koma sanyi ƙalau, sai ya sake dawowa. Tukunyar ce ke yin zafi fiye da kima ta kashe kanta, ta huce, ta sake kamawa. Wani lokacin sai a ji tana gurnani da ƙwanƙwasa, saboda ruwan da ya maƙale ƙarƙashin ɓawo yana tafasa yana fashewa. Mai gyaran famfo da ya zo, ko ya wanke farantan da sinadari mai tsami, ko ya sauya su gaba ɗaya. A cikin sanyin Janairu, gida mai ƙananan yara da tukunyarsa ta tsaya ba ƙaramin tashin hankali yake shiga ba.

Gidajen da ke da tankin ajiye ruwan zafi suna da tasu matsalar, kuma gaba kura ce baya sayaki. In an rage zafin tanki don a hana alli taruwa, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, tana kama huhu in an shaƙi feshin ruwan. A farkon 1977 aka gano ta, bayan ta kashe wasu mahalarta wani taro a birnin Philadelphia na Amurka a 1976. Saboda ita ne hukumomin Birtaniya suka ba da shawarar a riƙe ruwan tanki a digiri 60. Wato daidai inda alli ke fara zama da gaske. Kuma ɓawon kansa mafaka ne ga ƙwayar. Abin da ya dace a nan shi ne a tsaya a kan 60, kada a sauko don tattali, kada kuma a haura zuwa 70 ko 80 don babu abin da za a ƙaru da shi sai ƙarin ɓawo.

Na'urar wanka ta lantarki, wadda ake liƙawa a bangon banɗaki, ta fi kowa shan kashi, don tana zuba wutar da ta kai kilowat 8 zuwa 10 a cikin wani ɗan gwangwani da bai fi tafin hannu biyu ba. Kan shawa kuma ramukansa suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ya koma fita a karkace, wani zare ya harbi bango, wani ya harbi ido. Dutsen guga mai tururi yakan tofa farin gari a kan baƙar riga. Bakin famfo yakan yi fari ya riƙa ɗiga, don ɓawo ya hana shi rufuwa ruf.

Injin wanki labarinsa daban ne, kuma a nan an fi tsorata mutane fiye da yadda abin yake. Gaskiya ne ƙarfen dafa ruwansa yana yin ɓawo, musamman in ana yawan wanki a digiri 60 zuwa sama. Amma garin wanki na zamani yana ɗauke da sinadaran da ke kama kalsiyam tun kafin ya zauna. Shi ya sa a bayan kwalin ake rubuta awo uku, gwargwadon allin ruwan garinku, kuma na Landan shi ne mafi yawa. A 2011 ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta Which? ta gwada wani sanannen maganin alli da ake tallatawa don injin wanki, ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujjar cewa yana tsawaita rayuwar injin ba. Asarar da ta tabbata a wajen wanki ita ce ta sabulu. Kalsiyam yana haɗuwa da sabulu ya zama wani dusar-dusar da ba ya kumfa, ya manne a baho da gilashi, ya sa tawul ya yi tauri, fararen kaya su dusashe. Sai an biya allin haƙƙinsa na sabulu kafin sauran ya fara wanki. Injin wanke kwanuka kuwa, masu ƙera shi a Turai sun daɗe da sanin halin da ake ciki, shi ya sa suke sa masa matatarsa a ciki da ramin zuba gishiri. Wanda ya bar ramin ba gishiri zai ga kofunan gilashinsa sun yi hazo.

Har shayi bai tsira ba, kuma a Ingila wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wata siririyar fata mai ƙyalli takan taso a saman kofi. A 1993 wasu masana biyu na kwalejin Imperial da ke Landan, Michael Spiro da Deogratius Jaganyi, suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa fatar tana samuwa ne idan kalsiyam da sauran sinadarin allin suka haɗu da sinadaran ganyen shayi a gaban iska. Matsa lemun tsami yana hana ta.

Batun lafiya

A nan mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya ga abin da ruwan ya yi wa buta, dole ya tambayi kansa abin da yake yi wa ƙoda. Amma jiki ba ya tafasa ruwa, kuma kalsiyam da maganiziyam abubuwa ne da yake bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa alli wata iyaka ta fuskar lafiya ba. Abin da ta ce shi ne ruwan da ya haura kimanin miligiram 200 yana iya tara ɓawo, wanda bai kai 100 ba kuma yana iya cin bututu. Tun shekarun 1960 wasu bincike suka lura cewa mace-macen ciwon zuciya sun ɗan yi ƙasa a garuruwan da ruwansu ke da alli, ko da yake har yanzu masana ba su haɗu a kan dalilin ba.

Inda ake da ƙorafi na gaske shi ne fata. An lura cewa ƙyasbi mai ƙaiƙayi na yara ya fi yawa a yankunan ruwa mai alli. Sai dai da aka yi gwaji a Ingila a kan yara 336 masu fama da ciwon, aka sa wa gidajen wasu na'urar cire alli na tsawon mako 12, sakamakon da aka wallafa a 2011 bai nuna sun fi sauran samun sauƙi ba. Iyayen da za su kashe kuɗi masu yawa da fatan warkar da ɗansu sun cancanci a gaya musu wannan tun kafin su biya.

Zaɓin da Landan ta ƙi yi

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan lamari shi ne an san maganinsa tun kafin a ƙirƙiro injin wanki na lantarki. A 1841 wani malamin kimiyyar sinadarai na Aberdeen, Thomas Clark, ya yi rajistar dabarar cire alli daga ruwa mai yawa. Ana zuba ƙonanniyar farar ƙasa daidai gwargwado, sai ta janyo narkakken allin ya kwanta a ƙasan tanki, a tsiyaye ruwan sama. Shi ne kuma ya fito da hanyar auna alli ta hanyar duba yawan sabulun da ruwa zai ci kafin ya yi kumfa. A 1854 aka fara aiki da dabararsa a Plumstead, kudu maso gabashin Landan.

A 1850 hukumar lafiya ta ƙasa, wadda Edwin Chadwick yake jagaba a cikinta, ta ba da shawarar a bar kogin Thames a jawo ruwa marar alli daga yankunan yashi na Surrey, kuma ɓarnar sabulu tana cikin hujjojinta. Amma a lokacin kwalara ce ke kashe mutane dubbai, hankali ya koma kan tsafta. Dokar 1852 ta tilasta wa kamfanoni su tace ruwa, su kuma ɗebo shi daga saman Teddington, wani wuri a kan kogin Thames, inda najasar birni ba ta kai ba. Wannan daidai ne, ba mai jayayya. Daga baya injiniya John Frederick Bateman ya kawo shawarar jawo wa Landan ruwa daga tsaunukan Wales, sai kwamitin da gwamnati ta kafa ya yanke a 1869 cewa Thames ya wadatar. Wasu biranen suka bi ɗaya hanyar. Glasgow ta jawo ruwa daga tafkin Katrine a 1859, Manchester daga Thirlmere a 1894, Birmingham daga kwarin Elan a 1904. Har yau butocin waɗannan garuruwa tas suke.

Sai dai labarin Glasgow gargaɗi ne ga mai ganin cewa a cire alli duka shi ne mafita. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ruwan tafkin Katrine ba shi da alli, yana kuma da ɗan tsami, sai ya riƙa narkar da bututun dalma na tsofaffin gidaje yana kai ta cikin jinin mutane. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Daga ƙarshen shekarun 1970 dole aka koma ana zuba farar ƙasa a ruwan Glasgow. Ɓawon da ke toshe bututun Landan yana ɗan shiga tsakanin ruwa da dalma, ko da yake kariyarsa ba cikakkiya ba ce.

Kowa tasa ta fishshe shi

Tun da ba a cire allin a matatar gari ba, aikin ya dawo kan kowane gida. Mafi sauƙi shi ne tsami: ruwan khal ko garin lemun tsami, a zuba a buta a tafasa, a ga ɓawon yana kumfa yana narkewa, a ɗauraye. Kan shawa kuma a jiƙa shi ya kwana a ciki. Wannan yana aiki ƙwarai, amma iyakarsa inda hannu ke kaiwa. Ƙa'idojin gini na Ingila sun ce inda alli ya haura miligiram 200, a sa wa sabuwar tukunyar ruwan zafi wani abin rage ɓawo. Abin da aka fi sawa shi ne ɗan ƙarfe mai maganaɗisu ko mai lantarki da ake ɗaurawa a bututu, don ya fi arha. Ba ya cire komai daga ruwan, kuma sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa ya saɓa wa juna.

Abin da ke cire alli da gaske ita ce na'ura mai gishiri. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ke kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, in sun cika a wanke su da ruwan gishiri. Kowane miligiram 100 na alli da aka cire yana ƙara miligiram 46 na sodiyam. A ruwan Landan, ƙarin ya haura miligiram 110 a lita, alhali iyakar doka 200 ce. Shi ya sa ake barin famfon kicin ɗaya ba a haɗa shi da na'urar ba, musamman don haɗa madarar jarirai da masu hawan jini da aka hana su gishiri. Kuɗin na'urar da na sawa ɗaruruwan fam ne, wani lokaci ya haura dubu, ga sayen gishiri kullum, ga kuma bukatar wurin ajiye ta.

Wa zai iya wannan? Mai gidan kansa, mai hali. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin gidajen Landan na haya ne. Ɗan haya ba shi da ikon yanka bututu ya sa na'ura, ko da yana da kuɗin, kuma ba zai zuba dukiyarsa a gidan da zai iya bari baɗi ba. Doka ta ɗora wa mai gida gyaran tukunyar ruwan zafi in ta lalace, amma ba shi ke biyan kuɗin gas ba, saboda haka tukunyar da ke cin makamashi fiye da kima ba ta dame shi ba matuƙar tana kamawa. Ɗan hayan ne ke biyan ƙarin gas, da ƙarin sabulu, da sabuwar buta, shi ne kuma ke kwana cikin sanyi yana jiran mai gyara. Ranar tashi kuma, in mai duba gida ya ga fari a famfo da gilashin banɗaki, rashin tsafta ake lissafa shi, ana iya cirewa daga kuɗin ajiyarsa. A ganina wannan rashin adalci ne ƙarara, kuma bai yi ƙara ba ne kawai don asarar tana zuwa kaɗan-kaɗan, kowa a ɗakinsa.

Waɗanda suka yi

Ba sai an yi nisa ba. A kudancin Landan ɗin kanta, kamfanin da ke ba Sutton da gabashin Surrey ruwa yana rage alli a matatunsa, don tsofaffin dokoki, ciki har da ta 1903, sun wajabta masa. A Holan an ƙirƙiro wata hanya mafi tsafta fiye da ta Clark: ana tura ruwa daga ƙasa zuwa sama a cikin doguwar hasumiya mai ɗauke da lallausan yashi, a ƙara sinadarin da ke kashe tsami, sai allin ya riƙa naɗuwa a jikin ƙwayoyin yashin har su zama 'yan dunƙule masu tauri. Ana kwashe su a sayar wa masana'antu da manoma. Amsterdam tana yin haka tun 1987. Ba sa cire allin duka, suna sauko da shi ne zuwa wajen miligiram 150, inda ɓawo ke raguwa sosai amma ruwan bai koma mai cin bututu ba, kuma maganiziyam ɗin yana nan bai tafi ba. Copenhagen ta Denmak, wadda ita ma a kan alli take, ta fara a matatar Brøndby a 2017, tana bin sauran matatunta ɗaya bayan ɗaya da niyyar rage allin da kusan rabi. Hujjarsu ita ce abin da iyali za su tsira da shi a sabulu da wuta da gyaran na'urori ya fi ƙarin da za a yi musu a takardar kuɗin ruwa.

Wannan lissafin ya shafe mu mu ma, a inda ƙasa ta yi kama. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar alli a miligiram 150. A yankin Sakkwato, inda dutsen farar ƙasa na Kalambaina ke ciyar da masana'antar siminti, mai haƙa burtsatse da ke shirin sa hitar wanka ko injin wanki zai taimaki kansa in ya kai ruwan a auna tun da wuri, don wanda ya yi garai-garai a kofi ba lallai ne ya bar ƙarfe lafiya ba.

Masu adawa da rage alli a Landan suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Kaɗan ne daga cikin ruwan gari ake dafawa, amma sai an sarrafa dukkansa, har na banɗaki da na ban ruwan lambu. Ana bukatar fili, da sinadarai, da makamashi. Kamfanin Thames Water, mai ba mafi yawan Landan ruwa, wanda aka mayar hannun 'yan kasuwa a 1989, yana tura lita sama da biliyan biyu a rana, fiye da lita miliyan 500 daga ciki suna zubewa ta fasassun bututu, kuma a 2024 bashin da ke kansa ya haura fam biliyan 15. Kamfanin da ke wannan hali, ga kuma zargin malalar da najasa cikin koguna, ba zai sa alli a gaba ba. Amma cewa aikin ya yi tsada magana ce da ake yi in an duba littafin kamfani kaɗai. Miliyoyin gidaje sun riga suna biyan kuɗin allin nan kowace shekara, ta hanya mafi tsada, a shagon kayan lantarki da hannun mai gyaran famfo, kuma Amsterdam da Copenhagen sun nuna cewa in aka haɗa littafin kamfani da na gidaje amsar tana sauyawa.

A Disamban 2024 hukumar Ofwat mai ƙayyade farashin ruwa ta amince kuɗin da abokan cinikin Thames Water ke biya ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a tsakanin 2025 da 2030, domin ayyuka irin su gyaran bututu da rage najasar da ke shiga koguna. Dokokin ruwan sha na Ingila sun sa iyaka ga dalma, da sodiyam, da sinadaran kashe ƙwari, amma ba su sa wa alli ba, saboda haka babu abin da ya wajabta wa kamfanin ya taɓa shi.